Buhun da Ba a Ɗaure Ba

Sha ɗaya na safe ta ɗan gota, rana ta buɗe ido a kan Hillat Yalwa, ko ganyen dalbejiya ɗaya ba ya motsi. Damina ta janye ƙafa da wuri a shekarar. Kwana ashirin ba ɗigo, baƙar ƙasar Jazira ta tsattsage har mutum ya iya zura tafin hannunsa a ciki.

Samira na zaune a rakubar ƙofar gidan kawunta, wata rumfar kara mai inuwa rabi da rabi, kwamfuta a kan cinyarta, kanta yana sara mata. Ɗalibar jami'a ce a Wad Madani. Hutu ya kawo ta gida, amma tun ranar da mutanen gari suka ga tana danna abin nan da yatsu goma ba ta ƙara sanin hutun ba.

Ciwon kan yana da dalili. Tun da aka idar da sallar asuba manoma goma sha huɗu suke zaune a wannan rakuba suna musu a kan ruwa. Magudana ɗaya suke sha dukkansu, wadda ake kira abu ishirin, da ta ɓalle daga babbar tur'a, uwar magudanun yankin, ta ratsa gonakinsu, ruwan kuwa ya yi ƙasa, ba ya isar gona biyu a lokaci guda. Kowa rabin yini, ɗaya bayan ɗaya. Na farko gobe da asuba, na ƙarshe sai mako ya zagayo. A tsohon jeri ta ƙarshen Inna Kulu ce, domin hawasharta, wato gonarta, ce a wutsiyar magudana. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan, ita ke noman da kanta. Dawarta ta yi ciki tana shirin fitar da kai, ganyen ya nannaɗe kamar tabarmar da aka tashi daga kanta. Kowa ya san ba za ta kai mako ba. Sanin bai hana a yi awa huɗu ana ɗaga murya ba kafin a yarda a sa ta farko, sauran kuma a jera su gwargwadon ƙishin gonakinsu. Liman Malam Salih yana rubutawa a allo, ana gogewa, ana sakewa. Da aka shafa fatiha Samira ta kwafe sunayen a kwamfuta, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya rage shi ne a rubuta takarda a kai wa gafir, mai gadin bakin ruwa, kafin la'asar. Da la'asar yake kulle ɗakinsa ya tafi garin Hasahisa wurin iyalinsa. Sai asuba ya dawo ya buɗe ruwa da takardar da ke aljihunsa, sabuwa ko tsohuwa.

Kawu Abdulmuttalib bai tashi ba. Shi ne samad, wato shugaban ruwan wannan yanki, mutumin da ba ya sayen igiya sai ya ɗaura ta a reshe ya rataya da nauyinsa. Ya jawo kujerarsa har gwiwarsa mai ciwo ta taɓa tata.

"Ɗiyata, kin ce wanga abu ba ya mantuwa."

"Haka na ce, Kawu."

"Kuma in wani ya zo ya kankare suna, kamar yadda aka yi muna bara da reza, kina iya maido shi."

Bara wani ya kankare suna a takardar jeri ya ɗora nasa, har sai da aka ɗaga fartanya a bakin magudana. Wannan ne ya sa Samira ta yi musu alfahari da abin da aka koya musu a jami'a, kuma yanzu take da na sanin alfaharin.

"Akwai wani abu a ciki, sunansa git," ta ce. "In na gama aiki sai in ce masa ya ɗaure. Kamar buhu ne, Kawu. Ka zuba gyaɗa, ka ɗinke baki, ka rubuta ranar a jiki. Ko an zo an zuba tsakuwa a wadda ke kan tabarma, ta buhu tana nan. Sai in ce masa ya share tabarmar ya juye mani ta buhu."

"To a gwada."

"Kawu, takardar gafir fa?"

"La'asar da saura. A gwada."

Ta ja numfashi. Ta buɗe sabon wuri, ta rubuta dabbobin gidan: awaki biyar, kaji tara, tinkiya ɗaya. Ta ɗaure. Kawu ya ce a mai da awakin hamsin. Ta mayar. Ta nuna masa yadda abin ya fito da layin biyar da ja, layin hamsin da kore, don a ga inda aka taɓa. Ta rubuta umarni, awaki suka koma biyar.

Ya yi tsaki. "Ai ko ni na san biyar ne. Goge takardar gaba ɗaya."

Ta goge ta gaba ɗaya. Ta nuna masa wurin fayau. Ta kira ta, ta dawo da tinkiyarta.

Ya shafa gemu, ya leƙa bayan kwamfutar kamar wanda ke neman inda aka ɓoye ta. "In kuma ɓarawon shi ma ya iya ɗaurin buhu fa?"

Wannan tambaya ce mai kyau, Samira ta yarda a ranta, duk da haushin da take ji. Ta rubuta hamsin, ta ɗaure ƙaryar da hannunta. Sannan ta ba da wani umarni dabam, abin ya ɗinka sabon buhu mai warware na ƙarya, ya bar duka biyun a jere, kowanne da ranarsa da sa'arsa.

"Ka gani? Gyaran yana nan, ɓarnar ma tana nan a rubuce."

"A'a!" Kawu ya gyara zama. "Ba ya binne laifi ke nan. Wannan ya fi rabin mutanen garin nan."

Ta fara zaro takarda da biro daga jakarta. Sai ya ɗora hannu a kan jakar.

"Amma waɗannan awakin wasa ne."

"Kawu!"

"Mi? Igiya da bokitin wofi ake gwada ta? Buɗe muna jerin ruwa. Ni da hannuna zan ɓata shi."

"Abu ɗaya ne, wallahi. Yadda ya yi wa awaki haka zai yi wa jeri."

"To mi kike tsoro?"

Ba tsoro take ji ba, yunwa take ji, da zafi, da sha'awar ta ga bayan maganar. Ta buɗe jerin ta juya masa kwamfutar. Ya sa manuniyar yatsarsa a kan maɓallin gogewa ya danne kamar mai kashe kaska. Sunaye suka riƙa ɓacewa daga ƙasa zuwa sama. Ya bi sauran maɓallan da tafin hannu, haruffa suka zubo ba kai ba gindi. Ya ce ta ajiye shi a haka, ta ajiye.

"Yanzu kashe shi."

"Don me?"

"Yanzu-yanzu ya ga sunayen, dole ya tuna. Kashe shi ya huce tukuna."

Ta kashe. Ya leƙa zaure ya ce a kawo jabana, gahawar nan mai yaji. Ya sha finjali ɗaya, ya sha na biyu, yana taɓa murfin kwamfutar da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Sai da ya tabbata ta yi sanyi ya ce bismillah.

Samira ta kunna, ta rubuta umarnin ko kallo ba ta yi sosai ba. Shirmen ya ɓace. Sunaye goma sha huɗu suka tsaya ƙyam a jere.

"Allahu akbar!" Kawu ya buga cinya. "Tamam, ya yi daidai! Ya bitti, ɗiyata, kin yi gaskiya!"

Samira ta matso da fuskarta kusa da gilashin. Idonta na kan layin farko. Osman. Ta gangara ƙasa. Inna Kulu ce ta goma sha huɗu.

Ta sake karantawa. Wannan tsohon jeri ne, wanda ta shigar makon jiya ta ɗaure. Na yau ta rubuta shi, ta ajiye, amma a lokacin ana ta magana a kanta, wani na neman takalminsa, wani na cewa a duba masa ko an rubuta sunan ubansa daidai, ba ta ɗaure ba. Yana kan tabarma. Ita kuma da bakinta ta ce a share tabarmar. Da ba a kashe kwamfutar ba, da wataƙila ta ja baya a shafin da ta yi rubutun. Ta duba duk da haka, ta leƙa nan ta leƙa can. Babu.

Ta ɗan yi tunanin yin shiru. Ta gwada jera sunayen a ka. Inna Kulu, sai Ɗanjuma, ko kuwa Hashim? Daga na huɗu hazo ne.

"Kawu, an samu matsala."

Ta faɗa masa. Ya saurara baki buɗe.

"Ƙarya ya yi ke nan?"

"Bai yi ƙarya ba. Abin da na ce ya yi shi ya yi. Ni ce ban ɗaure buhun yau ba."

"Da ban gwada ba ke nan, da ba mu san haka ba."

"Da ba ka gwada ba, da jerin yana nan!"

Suka dubi juna. Sai su biyun suka ce a tare, "Allon Malam."

Ta saɓi mayafi ta nufi masallaci da sassarfa. Tun daga nesa ta hango allon a jingine da bango yana shan rana, fes da shi, ruwan wanki yana ɗiga daga gindinsa. Malam Salih na zaune yana feƙe alƙalami.

"Malam, an wanke?"

"Ai kin ce kin ɗauka, ɗiyata. Har cewa kika yi naki ba ya goguwa. Ni kuwa ina da karatun azahar, allo ɗaya gare ni mai faɗi."

"Ba ka riƙe jerin a ka ba?"

"Sau bakwai muka sake shi. Wanne daga ciki?"

Kafin ta dawo rakuba labari ya riga ta. A garin nan magana ba ta jiran ƙafa. Ta tarar da Baba Osman zaune a kujerarta, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shi ne mai gonar da ke bakin magudana, shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya da safe kafin a tura shi can ƙasa.

"Barka da zuwa, malamar jami'a. An ce injin ya duba ya ga ni ne na farko. Masha Allah. Ashe yana da adalci."

"Kuskure ne, Baba."

"Ke kika ce muna ba ya kuskure. Gaban mutane kika faɗa. Ko dai a bi abin da ke ciki, ko a sake tara kowa. Halas, magana ta ƙare." Ya kaɗe riga ya tafi, yana dariya ƙasa-ƙasa, ba ta san ko wasa yake ko da gaske ba. Ta fi zaton shi ma bai sani ba.

"Sake taro ba zai yiwu ba," in ji Kawu. "Wasu sun tafi gona. Ko sun zo, sai gobe war haka."

"To in sa Inna Kulu farko, sauran in bar su yadda suke."

Ya girgiza kai a hankali. "Ruwan Kulu sai ya wuce bakin gona goma sha uku kafin ya kai gare ta. Mutum guda ya ga an taɓa masa wuri, fartanya ɗaya zai sara, ruwan ya shige gonarsa. Ko jerin da aka shafa wa fatiha, ko babu."

Ya so ya bi ta, gwiwa ta hana. Ta ɗauki takarda da biro ta fita ita kaɗai, rana a tsakar ka.

Ɗanjuma ta fara samu, yana gyaran mangala a ƙofar gida. Ta tambaye shi na nawa ne shi.

"Na biyu. Daga Kulu sai ni."

Ta rubuta. Ta wuce gidan Hashim, ta tarar da shi kwance a angarib, gadon nan na igiya, yana fifita.

"Na biyu," ya ce, ko ido bai buɗe ba.

Na ukun da ta tambaya shi ma na biyu ne. Ta tsaya a tsakiyar hanya, gumi na bin ta har cikin ido, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Mutane goma sha uku, kowa na biyu. Ta koma wurin Hashim.

"Baba Hashim, don Allah ka ji tsoron Allah. Ɗanjuma ma ya ce shi ne na biyu."

"Ɗanjuma maƙaryaci ne tun yana yaro." Ya tashi zaune. "Kuma ke, in gyara kuke yi, ku gyara zaluncin da aka yi mani. A ce Talatu tana gabana! Talatun da gonarta ke cikin kwari, ko yau ka tona sai ka ga laima. Ni ina kan tudu, amma sai ta gama sha sannan ni. Wannan adalci ne?"

Samira ta tsaya da biro a sama. "Talatu ce dab da kai?"

"Dab da ni! Ina ji ina gani!"

Ta rubuta: Talatu, sai Hashim. Ta dubi abin da ta rubuta. Mutum zai iya ƙara wa kansa matsayi, amma wanda aka ɗora masa a gaba, wanda ya yi awa huɗu yana hararsa, ba zai manta da shi ba, ba zai kuma yarda ya ba wani laifin ba.

Ta koma wurin Ɗanjuma. Ba ta tambaye shi na nawa ba ne. Ta ce, "Wa aka sa gabanka?"

Ya jefar da mangalar. "Kin zo wurin! Ɗan Zainabu! Yaron da aka haifa ina da gemu!"

Haka ta bi gari. Kowace amsa da wa'azinta. Wani sai ya ɗauko ta tun daga zamanin auduga, wani sai ya tsaya nuna mata da kara a ƙasa yadda gonarsa ta fi ta maƙwabcinsa gangare. Wata ta ce ba za ta buɗe baki ba sai Samira ta zauna ta ci kisra, siririyar wainar dawa, ta zauna ta ci loma uku tana kallon inuwa. Aka yi azahar, ta yi tata a gidan Talatu. Huɗu suna gona, ta bi bakin magudana a ƙafa, ƙasa na ƙona ta ta cikin silifa. Wani ya ba ta suna ya biyo ta da gudu ya ce ta rubuta a gefe cewa bai yafe ba.

A wutsiyar magudana ta iske Inna Kulu a sunkuye, tana yashe bakin gonarta da fartanya, tana shirya wa ruwan gobe hanya. Ta ɗago, ta riƙe ƙugu.

"An ce injin naku ya cinye ni."

"Ina gyarawa, Inna."

"Gyara, ɗiyata. Ni ban san inji ba." Ta nuna dawar da haɓa. "Waɗannan ma ba su sani ba."

Samira ta dubi gonar, ta kawar da kai. Don kada ta tsaya haka kawai ta ce, "Ke ba sai na tambaye ki wa ke gabanki ba."

"Gabana ba kowa sai Allah. Je ki ji da na bayana." Ta koma ta sunkuya.

Inuwar mutum ta kusa kai tsayinsa lokacin da Samira ta dawo rakuba, leɓenta a bushe, takardar ta jiƙe da gumi a gefe. Ta zauna ta haɗa sunayen kamar mai ƙulla tsinkakkiyar igiya, wannan bayan wancan. Suka fito sarƙa biyu. Ɗaya ta tashi daga Inna Kulu ta tsaya a kan Hashim, mutum tara. Ɗayar ta fara da Baba Osman ta tafi har ƙarshe, mutum biyar. Shi kaɗai ne ba ta tambaya ba.

Kawu ya aika aka kira shi, aka kira Malam Salih don shaida. Baba Osman ya zo yana sakace.

"Baba, wa aka sa gabanka da safe?"

"Ban tuna ba. Tsufa."

"Ya zol, kai mutumin nan, ka ji kunya mana," in ji Kawu.

"Kunyar mi? Ku tambayi injin."

Samira ta juya. Ta miƙa wa Kawu takardar ta ce ya karanta da ƙarfi tun daga sama. Ya karanta a hankali, yana ba kowane suna haƙƙinsa. Malam Salih na gyaɗa kai. Da ya kai na tara ya ce, "Hashim. Sai Osman."

"Wannan dai!" Baba Osman ya tofar da tsinken. "Hashim! Mutumin da ya shuka bayana da kwana goma! Na faɗa muku da safe, na sake faɗa, ba wanda ya ji. A ce malalacin nan, wanda rana ke tada shi daga angarib, shi ne zai sha ruwa ina tsaye ina kallo!"

Sai ya farga. Ya ga yadda su ukun suke dubansa. Malam Salih ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, kafaɗarsa na rawa don dariya.

"Ashe tsufan da sauƙi," in ji Kawu.

Baba Osman ya miƙe. Ya ce, "Ku rubuta abinku. Allah ya isa tsakanina da boko." Ya fice.

Samira ta buɗe kwamfutar. Ta shigar da sunaye goma sha huɗu, ta karanta wa Malam, ya ce haka ne. Ta ajiye. Ta ɗaure, ta rubuta a jikin buhun: jerin da aka yarda da shi yau, Inna Kulu farko. Ta sake dubawa ta ga ya ɗauru. Sannan ta jingina da ginshiƙin rakuba ta rufe ido.

"Yanzu kin ɗaure?" in ji Kawu.

"Na ɗaure."

"To a gwada."

Ta buɗe ido. Malam Salih ya ce, "Haba, samad."

"A'a, Malam. Wancan gwajin bai ƙare lafiya ba. Ba zan sa hannu a kan abin da ban ga ƙarshensa ba."

Samira ba ta da sauran ƙarfin musu. Ta fara kwafe jerin a farar takarda da biro tukuna, suna bayan suna, ta ninke ta sa a ƙarƙashin cinyarta. Sannan ta tura masa kwamfutar. "Ɓata. Amma ba kashewa, ba jabana."

Ya danne maɓallin har sunayen suka ƙare. Ta rubuta umarni. Suka dawo, Inna Kulu a sama. Ya sa yatsa a kan gilashin ya bi su ɗaya-ɗaya har ƙasa.

"Abin yana da kyau," ya ce. "Mai riƙe shi ne sai an riƙa sa wa ido."

Samira ta zaro takardar daga ƙarƙashin cinyarta. Ta miƙa masa takardar da biro, ya sa hannu a tsanake, har da ƙawata wutsiyar sunansa. Malam Salih ya dubi inuwa ya miƙe ya nufi masallaci.

Ɗakin gafir yana can bakin babbar tur'a, tafiyar rabin awa ga mai sauri. Samira ta fita gari tana haɗawa da gudu-gudu, ƙafafunta sun yi nauyi kamar an ɗaura musu laka. Ba ta kai rabin hanya ba ta ji muryar Malam Salih ta tashi a bayanta, yana kiran la'asar. Igiyar silifarta ɗaya ta tsinke. Ta tsaya, ta dubi silifar, ta dubi hanyar da ta miƙe fetal ba itace ko ɗaya. Ta cire duka biyun ta riƙe a hannu.

Sai ta ji ƙarar ƙafa da ƙugin taya. Karon jaki ne, wato amalanke, ya taho daga gari, ya zo daidai da ita ya tsaya. Baba Osman ne a kai, yana kallon kunnen jakin.

"Hau."

Ta hau ta zauna a baya. Ya kaɗa linzami, jakin ya zabura. Ƙura na tashi, karon na jijjiga ta, ta danne takardar a ƙirji da hannu biyu.

Suka iske gafir ya sa kwaɗo a ƙofa yana ƙoƙarin ta da babur. Samira ta diro tun karon bai gama tsayawa ba, ta ruga ta miƙa masa. Ya buɗe, ya duba sa hannun samad, ya karanta layin farko.

"Kulu da asuba," ya ce. Ya zaro tsohuwar daga aljihu ya yaga biyu, ya sa sabuwar.

Samira ta juya. Karon ya riga ya yi kwana ya bi gefen tur'a ya nufi gonar Baba Osman, shi kuwa yana ta yi wa jakin faɗa.